Shan Mai: Takardun Shaida da Kiyaye Rai a Gidan Mai



Gabatarwa

Da wuya a sami wani aiki na yau da kullum wanda mutane suka raina kamar shan mai. Direba zai karkata ya shiga gidan mai, ya faɗi na nawa yake so, a zuba masa, ya biya, ya kama hanya, duka cikin minti biyar, ba tare da ya tsaya ya yi tunanin abin da ya gudana ba. Alhali kuwa a cikin wannan ɗan lokaci abubuwa biyu manya suna haɗuwa, watau ciniki wanda ya shafi haƙƙin mai saye da dukiyar jama'a, da kuma ɗaukar wani ruwa mai tsananin kama wuta daga wani mazubi zuwa wani, a tsakiyar mutane. Na farko takarda ce ke tsare shi, na biyu kuwa sani da horo ne ke tsare shi.

Wannan lacca za ta duba waɗannan fuskoki biyu. Za a fara da ɗan taƙaitaccen tarihi, sa'an nan a bayyana halin fetur da dalilan dokokin da akan rubuta a bangon gidan mai, daga nan a koma kan takardu: na gidan mai, na mota, da na ofis. A ƙarshe za a taɓo darussan da manyan gobarori suka bari. Dalilin haɗa su wuri guda shi ne, sakacin da ke sa a ƙi karɓar rasit, shi ne dai sakacin da ke sa a bar inji yana aiki ana zuba mai.

Taƙaitaccen Tarihi

An haƙo man fetur mai yawan da ya isa kasuwanci a Nijeriya a Oloibiri a shekarar 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958. Matatar mai ta farko ta fara aiki a Fatakwal a 1965, ta Warri ta biyo baya a 1978, ta Kaduna kuma a 1980. An kafa Kamfanin Mai na Ƙasa, NNPC, a 1977. A Jamhuriyar Nijar kuwa, an buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram a 2011. A shekarun 1970 ɗin nan ne Nijeriya ta canza abubuwa uku da suka shafi mai mota kai tsaye: aka koma tuƙi ta hannun dama a 1972, aka bar fam da sule aka kama naira da kwabo a 1973, aka kuma bar awon galan aka koma lita. Galan ɗin Ingila lita huɗu da rabi ne da ɗan ɗoriya, kuma har yanzu sunan bai ɓace daga bakin jama'a ba.

Shekaru masu yawa Sashen Kula da Albarkatun Mai, wanda aka fi sani da DPR, shi ne ke ba gidajen mai lasisi yana kuma duba aikinsu. Dokar Masana'antar Mai ta 2021 ta rushe shi, aikin sa ido kan gidajen mai ya koma hannun hukumar NMDPRA. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai, farashi ya ninka cikin 'yan kwanaki. Wannan ya ƙara wa batun nauyi ta fuska biyu. Kowace lita da aka tauye yanzu asara ce mai ciwo, kuma tsadar ta ƙara wa talaka kwaɗayin kwasar man da ya zube, da ajiye shi a gida.

Halin Fetur

Wanda zai yi hulɗa da abu mai haɗari, wajibi ne ya san halinsa. Abu na farko da ya kamata a gane shi ne, ruwan fetur kansa ba shi ne ke kamawa da wuta ba, tururin da ke tashi daga gare shi ne ke kamawa. Kowane mai yana da wani mizanin zafi wanda idan ya kai shi yakan fitar da tururin da ya isa ya kama wuta. Kananzir sai ya kai zafin digiri 38 ko fiye, man gas na manyan motoci, watau dizal, sai ya haura digiri 50. Shi kuwa fetur, tun yana ƙasa da daskarewar ruwa da kimanin digiri 40 yake fitar da wannan tururi. Ma'anar wannan ita ce babu wata rana a ƙasar Hausa, komai sanyin hunturu, da buɗaɗɗen fetur ba ya shirye ya kama.

Abu na biyu, tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu. Saboda haka ba ya tashi sama ya watse kamar hayaƙi, sai ya kwanta ƙasa, ya riƙa malala kamar ruwan da ido ba ya gani, ya bi lambatu, ya taru a rami, ya shiga ƙarƙashin mota. Yana iya tafiya mita da yawa har ya tarar da murhun mai shayi ko garwashin mai tsire, wutar kuwa ta biyo sawunsa da gudu ta komo inda ya fito. Mutum zai rantse cewa babu wuta kusa da famfo, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai tururin ne ya je ya samo wutar.

Abu na uku, kaɗan ne ake bukata. Idan tururin fetur ya kai wajen kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na iskar wuri, har zuwa kashi bakwai da rabi, to tartsatsi guda ya isa. Lita ɗaya ta fetur idan ta bi iska takan ba da tururi kusan lita 180, kuma wannan ya isa ya gurɓata iskar da ta kai faɗin rabin ƙaramin ɗaki. Watau lita biyu da suka tsiyaye daga jarka a ɗakin kwana mai mita uku tsawo, uku faɗi, uku bisa, sun isa su mai da ɗakin kamar tukunyar albarushi. Wannan ne ya sa tankin da ake cewa babu komai a ciki ya fi cikakke haɗari ga mai walda, domin cikakken ba shi da isasshiyar iska, shi kuwa wofin cike yake da tururi gauraye da iska.

Abu na huɗu, fetur ya fi ruwa sauƙi, lita ɗaya ba ta wuce kashi uku cikin huɗu na kilo ba, kuma ba ya gauraya da ruwa. Wanda ya watsa bokitin ruwa a gobarar fetur bai kashe ta ba, ya ba ta abin hawa ne, domin man zai hau kan ruwan yana ci da wuta, ya bi shi duk inda ya kwarara. Maganinta shi ne a raba ta da iska, da yashi, ko garin hodar tukunyar kashe gobara, ko kumfar da 'yan kwana-kwana ke amfani da ita. Jajayen bokitan yashi da akan jera a gidan mai amfaninsu ke nan, kuma gidan man da ya bar su wayam, ko ya mai da su wurin zubar da shara, ya nuna irin tsaron da ke gare shi.

Dalilan Dokokin Bakin Famfo

Idan an fahimci waɗannan halaye huɗu, dokokin da ke rubuce a bango sai su daina zama takurawa. Dokar farko ita ce a kashe inji. Injin da ke aiki yana da tartsatsi a wayoyin fulogi da cikin dainamo, salansa kuma tana yin zafin da ya kai ɗaruruwan digiri, duk kuwa a ƙasa suke, inda tururin ke kwanciya. Akwai direbobin da ke ƙin kashewa saboda batirinsu ya yi sanyi, suna tsoron turi, akwai kuma manyan mutane da ba sa son na'urar sanyaya mota ta tsaya. Duka biyun sun sayar da rai da araha. Haka mai babur, ya kamata ya kashe ya sauka kafin a buɗe tanki, domin tankin babur a kan inji mai zafi yake, tsakanin cinyoyin mahayi, in wuta ta tashi yana zaune ba shi da hanyar kuɓuta. Motar haya kuwa, mafi kyau ta sha mai kafin ta ɗauki fasinja, domin motar da aka cusa mutum goma sha takwas a ciki, ƙofa ɗaya, ba ta fitar da su cikin daƙiƙa goma.

Doka ta biyu ita ce hana taba da ashana da kowace irin buɗaɗɗiyar wuta, wannan kuwa ba ta bukatar dogon bayani. Wadda ta fi bukatar bayani ita ce ta uku, wadda jama'a da yawa ba su san da ita ba. Kowa ya san yadda a lokacin hunturu mutum kan cire riga a duhu ya ji ƙas-ƙas, ya ga ɗan walƙiya, ko ya taɓa ƙofar mota ya ji ta ja shi. Wannan wutar lantarki ce da gugar tufafi ke tarawa a jiki, kuma busasshiyar iska ce ke hana ta zurarewa. Wannan ɗan tartsatsi ya isa ya kunna tururin fetur. Saboda haka wanda ya fito daga mota, ya gogi kujera, bai kamata ya kai hannu bakin tanki ba sai ya fara dafa ƙarfen jikin motar nesa da wurin zuba mai. Kuma wanda ya fito, kada ya riƙa komawa ciki yana fitowa ana cikin zubawa.

Shi kansa man, gudunsa cikin tiyo yana tara irin wannan wuta. Shi ya sa akan so bakin famfo ya taɓa ƙarfen bakin tanki har a gama. Shi ya sa kuma jarka, in dai za a zuba mata mai, dole a sauke ta ƙasa. Jarkar da aka bari a but, ko a bayan a-kori-kura a kan shimfiɗar roba, ba ta da hanyar zubar da wutar da ta taru, sai ta hanyar tartsatsi. Kada kuma a cika ta fal, domin fetur yana kumbura da zafi, wajen kashi ɗaya cikin ɗari a kowane ƙarin digiri goma. Man da ya fito da sanyinsa daga tankin ƙarƙashin ƙasa, in aka cika jarka da shi aka bar ta a ranar Afrilu, zai nemi hanyar fita.

Wannan dalili ne kuma ya sa al'adar girgiza mota don tanki ya ƙara ɗauka ba ta da kyau. Bakin famfo na zamani yana da ɗan rami a ƙarshensa, da mai ya taso ya toshe ramin sai famfon ya tsaya da kansa. Tsayawar nan ita ce alamar tanki ya cika gwargwadon yadda maƙeransa suka nufa, sararin da ya rage kuwa na kumburi ne. Abin da aka ƙara bayan haka, ko dai ya zube ƙasa, ko ya shiga bututun da aka yi don tururi ya ɓata shi.

Game da wayar hannu, binciken da masana suka yi bai tabbatar da cewa ita kanta ta taɓa kunna wuta a bakin famfo ba. Amma hanin yana da amfani ta wata fuska, domin wanda hankalinsa ke kan waya ba ya ganin mita, ba ya lura da irin man da ake zuba masa, kuma shi ne kan ja mota alhali tiyo yana cikin tanki. Zuba fetur a motar dizal, ko dizal a motar fetur, kuskure ne da ke faruwa, musamman ga direban ofis mai canza motoci. In an gane kafin a tashi, kada a ko murɗa makulli, a ture motar gefe a kira makaniki ya zuƙe tankin. Tayar da inji shi ne ke kai gurɓataccen man cikin famfo da allurai, gyaran da ya fi kuɗin man nesa ba kusa ba.

In kuwa tsautsayi ya sa wuta ta kama a bakin tanki, abin da hankali ke fara raya wa mutum shi ne ya fizge tiyo, wannan kuwa shi ne mafi munin abin da zai yi, domin zai fesa mai mai ci da wuta a kan mota da mutane. A bar bakin famfon inda yake, a ja da baya, ma'aikaci ya kashe wutar famfuna daga makunnin gaggawa, sa'an nan a tunkari gobarar da tukunyar hoda, ana nufar gindinta. Wanda wuta ta kama tufafinsa kada ya yi gudu, ya faɗi ƙasa ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo ko babbar riga, a kwarara wa ƙunar ruwa mai sanyi na tsawon minti ashirin, kada a shafa mata manja ko ɗanyen ƙwai ko man goge baki, a garzaya da shi asibiti.

Akwai kuma cutar da ba ta zuwa da harshen wuta. A cikin fetur akwai sinadarin benzin, wanda likitoci suka tabbatar yana jawo sankarar jini ga mai yawan shaƙarsa, saboda haka ma'aikacin da ke tsaye a bakin famfo yini guda yana da haƙƙi a kan maigidansa. Zuƙo mai da baki ta tiyo, wanda ya zama ruwan dare wurin direbobi da 'yan bumburutu, yana iya kai ɗigon mai cikin huhu ya ƙone shi. Yaron da ya sha fetur ko kananzir bisa kuskure, kada a sa shi amai, domin aman ne ke kai man huhu, asibiti za a kai shi nan take.

Takardun Gidan Mai

A nan za a koma ga fuska ta biyu. Gidan mai na halal yana tsaye ne a kan takardu. Akwai izinin gini daga hukumar tsara gari, akwai shaidar hukumar kashe gobara, akwai lasisin ajiya da sayar da mai, akwai kuma shaidar Sashen Awo da Ma'auni na ma'aikatar ciniki ta tarayya, wanda ke gwada famfo ya sa masa hatimi. Yadda ake gwajin ba shi da wuya: akan zuba lita goma ko ashirin a wani gwangwani mai dogon wuya wanda aka tabbatar da awonsa, a gwama abin da mita ta nuna da abin da ya shiga gwangwanin. Haka kuma kowace tanka da ta taso daga daffo tana tafe da takardar rakiya mai nuna irin man, da yawansa, da gidan man da aka nufa da shi. Kafin a sauke, manaja yakan duba hatimin tankar, ya tsoma sandar awo, ya shafa mata wani kulli mai canza launi in akwai ruwa a gindin man.

Kada a ɗauka waɗannan takardu wahalar ofis ce kawai. A ɗauki misalin famfon da aka taɓa, yana ba da lita tara a madadin goma. Tanka guda mai lita 33,000 in aka sayar da ita ta wannan famfo, jama'a za su biya kuɗin lita fiye da 36,600, watau kuɗin lita 3,600 da ba su sha ba, a tanka ɗaya tak. Kowane mai saye abin da ya rasa kaɗan ne, shi ya sa ba ya magana, amma jimillar dukiya ce. Tauye mudu tsohon laifi ne wanda Hausawa suka sani tun a kasuwar hatsi, kuma Alƙur'ani mai girma ya keɓe sura guda da sunan masu aikata shi, watau Suratul Muɗaffifina. Canza mudu zuwa mita bai canza hukuncin ba.

Ingancin man ma takarda ce ke bin sawunsa. A watan Fabrairu 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol cikin Nijeriya, motoci suka lalace, aka janye man daga kasuwa, dogayen layuka suka dawo. Wanda ke da rasit mai kwanan wata da sunan gidan mai yana da abin da zai nuna in ya kai ƙara, wanda ya saya a galan a bakin titi kuwa ba shi da wanda zai kama. Mafi muni shi ne kananzir da aka gauraya da fetur, wanda ya sha fashewa a fitila da risho ya ƙone mata da yara a cikin gidajensu.

Saboda haka abin da ya wajaba ga mai saye guda huɗu ne: ya ga an mai da mita sifiri kafin a fara, ya ga farashin lita a famfo ya dace da na allo, ya faɗi yawan litar da yake so maimakon kuɗi kawai, ya kuma karɓi rasit. In da kati ya biya, ya riƙe takardar da na'ura ta fitar, ko da ta nuna cinikin bai shiga ba, domin ita ce hujjarsa a banki idan aka cire kuɗin daga baya.

Takardun Mota da na Ofis

Ita ma motar tana da nata takardun: lasisin mota, lasisin tuƙi, shaidar lafiyar mota daga jami'an duba motoci, da inshora. Tun a 1945 aka fara kafa dokar da ta wajabta inshorar kare haƙƙin wani. Amfaninta yana bayyana ne ranar da mota ta yi wa wani ɓarna, kuma a ranar ne mai takardar jabu, wadda aka saya a bakin tasha, zai gane cewa araha ba ta ado. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, tana neman kowace mota ta riƙe tukunyar kashe gobara. Direbobi da yawa suna ajiye ta ne don jami'in hanya, a ƙarƙashin kaya, allurarta ta daɗe da faɗuwa. Tukunyar da ba a iya kai hannu gare ta cikin daƙiƙa kaɗan, da ita da babu duk ɗaya.

Ga ma'aikacin gwamnati kuwa, batun ya wuce aljihunsa, ya zama amana. Tsarin da aka gada tun zamanin En'e shi ne kowace motar hukuma tana da littafin tafiye-tafiye, inda direba ke rubuta kwanan wata, da inda aka tashi, da inda aka je, da abin da agogon tafiya ya nuna a farko da ƙarshe, da litar da aka sha, jami'in da ya yi tafiyar kuma ya sa hannu. Ana shan man ne da takardar izini mai lamba, a haɗa ta da rasit, akanta ya jingina su ga bauca kafin a biya. Hikimar tsarin ita ce takardun uku suna gaskata juna. Tsakanin Kano da Kaduna kimanin kilomita 230 ne. Motar da ke shan lita goma a kilomita ɗari za ta bukaci wajen lita 46 zuwa da dawowa. In bauca ta nuna lita 120, littafi kuma bai nuna wata tafiya ba, mai binciken kuɗi ba ya bukatar boka.

Hanyoyin ha'inci sanannu ne: rasit na wofi da akan karɓo a cike a ofis, takardar izini da akan canza da kuɗi a raba da ma'aikacin gidan mai, agogon tafiya da akan ce ya lalace shekara da shekaru, da man janareta da akan rubuta a ranar da wuta ba ta ɗauke ba. Kowannensu yana bukatar sa hannun wani babba, kuma sau da yawa babban bai ci komai ba, ya dai sa hannu ne bai karanta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar da takardar tuhuma ta zo, sunan wanda ya sa hannu za a nema, ɗaliban da ke shirin shiga aikin gwamnati su riƙe wannan. Littafin nan kuma yana da wani amfani ga tsaro: motar da shan manta ya ƙaru farat ɗaya ba tare da dalili ba, in ba sata ba ce, to yoyo ne, yoyon fetur kuwa gobara ce mai jiran rana.

Darasin Manyan Gobarori

Duk abin da aka faɗa a baya an saye shi da rayuka. A watan Oktoba 1998, a Jesse ta Jihar Delta, bututun mai ya fashe, jama'a suka taru suna kwasa, wuta ta tashi ta hallaka kimanin mutum dubu. A ranar 3 ga Yuni 2015, a Ankara babban birnin Ghana, mutane suka fake wa ruwan sama a wani gidan mai, ambaliya ta ɗauko man ya hau kan ruwa, ya tarar da wuta, kimanin mutum 150 suka rasu. A watan Mayu 2019 tanka ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, fiye da mutum 50 suka mutu. A watan Oktoba 2024 irin wannan ta auku a Majiya ta Jihar Jigawa, inda aka rasa fiye da mutum 150, akasarinsu matasa, aka binne da yawa a kabari guda. Bayan wata uku, a Janairu 2025, a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, fiye da mutum 80 suka sake tafiya ta wannan hanya. Daga bisani hukuma ta hana lodin tankoki masu lita 60,000 daga watan Maris 2025.

Ba daidai ba ne a tsaya ga zargin mamatan. Talauci ne ya kai yawancinsu wurin, kuma da yawa ba su taɓa jin cewa tururin da ke kewaye da ƙafafunsu ya riga ya zama tarko ba. Wasu ma ba kwasa suka je ba, kallo ne ko ceto. Abin tambaya shi ne, wa ya duba lafiyar tankar, wa ya ba direban lasisi, awa nawa ya yi yana tuƙi bai runtsa ba, kuma wa ya ba da izinin gina gidan mai a tsakiyar gidaje da kasuwa. Kowace tambaya a nan tana da takarda, kowace takarda kuma tana da jami'in da ya sa mata hannu. Akan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, gaskiya ne, amma an umurci bawa ya ɗaure raƙuminsa sa'an nan ya yi tawakkali.

Sabon abin da ya shigo, watau motoci masu aiki da matsattsiyar iskar gas, ya ƙara tabbatar da wannan. Ana ɗura iskar ne da matsi mai tsanani, wajen ninki 200 na matsin iskar sarari, saboda haka tukunyar da ba ta da shaidar gwaji, wadda mai walda ya haɗa a bakin hanya, tana iya tarwatsewa a wurin ɗuri. Neman takardar tukunya kafin a ɗura shi ne kaɗai abin da ke tsakanin ma'aikaci da ajalinsa.

Kammalawa

Abin da ake nema ga kowane ɓangare a bayyane yake. Mai mota ya kashe inji, ya dubi mita, ya karɓi rasit, kada ya kwana da fetur a ɗaki. Mai gidan mai ya horar da yaransa, ya cika bokitan yashi, ya bar hatimin famfo yadda hukuma ta sa shi, ya dakatar da sayarwa lokacin da tanka ke sauke mai. Jami'in gwamnati ya karanta kafin ya sa hannu, ya je ya gani da idonsa kafin ya ba da shaida. Malamai a makarantu, da limamai a masallatai, da masu unguwanni, su sanar da yara cewa in tanka ta faɗi, gudu ake yi, a nufi inda iska ke fitowa, a nisanci kwari da lambatu. Ɗalibin da ya fahimci dalilin da ya sa tururin fetur ke kwanciya ƙasa, ya kai wannan sani garinsu lokacin hutu, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kiyaye hanya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.